Gashi a Fankar Kati

Sau uku Direba ya danna maɓallin kwamfutar. Fankokin ciki suka juya, fitila ta kama, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. A haka yayarsa ta same shi da hantsi, ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba. Saje ce a 'yan sanda, kuma kwana biyu ke nan rabonta da barcin kirki.

"Yaya, ta ƙi kawo hoto," ya ce.

Wata bakwai yana zaune a ɗakin nan tun da motar haya da yake ja ta kife da shi, ƙafar dama ta karye gida biyu. Zaman ya ishe shi, shi ya sa ya ƙudura haɗa kwamfutar wasa ta daidai ƙarfinsa. Ɗaya bayan ɗaya ya tara kayan, yawanci na hannu. Katin hoto kaɗai ya saya sabo, don shi ne ke fitar da wasa a allo.

Saje ta kashe wuta, ta zare katin, ta kai shi bakin taga. Ta duba lambar jikinsa, ta duba ta kwali.

"Ba su zo ɗaya ba. An musanya maka."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta fasa cire takalmin.

Mai shagon da ya sayar da katin ta fara samu, yana tsugune bayan kanta yana kwance wata firinta.

"Ranar Litinin ka sayar wa ƙanena kati."

"Ƙwarai, ranki ya daɗe. A gabansa na yanke ledar kwalin, na gwada, ya ga hoto da idonsa."

"Lambar fa?"

Ya nuna mata hoton da ya ɗauka a waya ranar. Lambar kati da ta kwali iri ɗaya. Ya juya wanda ta kawo, ya taɓe baki. "Samfurin ɗaya ne, amma wannan ya sha wuya. Ya ƙone tuni."

Ta biyu ita ce ɗalibar da ke hawa na sama, wadda ta taya Direba haɗi ranar Talata.

"Kin taɓa katin?"

"Na fito da shi na mayar, Anti. Wayar wutarsa ba ta iso ba, sai muka bar shi a kwali a kan tebur."

"Yaya yake a lokacin?"

"Fes. Har ledar nan mai sheƙi tana kan fankar."

Ɗakinta ba kwamfutar tebur, sai wata 'yar tafi-da-gidanka mai fasasshen murfi. Saje ta yi mata godiya ta sauko, tana dafa bango.

A ƙasan matakala ta zauna, ta sa tsinken ashana ta sakace fankar katin a kan farin hankici. Ta daɗe tana kallon abin da ya zubo, sannan ta shiga wajen ƙaninta.

"Jiya Laraba wa ya shigo?"

"Ba kowa. Sai Mai Aski, ya zo ya rage mini suma kamar kullum."

"Ka bar shi shi kaɗai?"

"Na shiga wanka. Kin san da sandunan nan sai na yi rabin awa." Ya tsaya. "Haba Yaya! Tare muka tashi fa. Shi ne ma ya ce in sayi kati irin nasa."

Ta naɗe hankicin ta fita.

Shagon askin na bakin layi. A kusurwa akwai kwamfuta, samari biyu na buga ƙwallo a allo kafin layi ya zo kansu.

"Saje da kanki? Sannu da zuwa."

"Na ji kwamfutarka ta mutu makon jiya."

"Eh, na gyara."

"Wa ya gyara?"

Ya shiga kaɗe almakashi. Ta shimfiɗa hankicin a gaban madubi.

"Guntayen gashi ne da farar hoda, daga fankar katin da aka bar wa ƙanena. Shekaru ta yi tana zuƙar su. Mai shago ba ya aski, ɗaliba ba ta da inda za ta sa kati. Kai ka zaɓa masa irin naka, ka shigo da jakar kayan aiki, ka sami rabin awa. Buɗe kwamfutar nan mu karanta lambar katin ciki."

Mai Aski ya zauna a kujerar da yake zaunar da mutane.

"Wallahi aro na yi. In babu wasan, samarin nan shagon gaba suke tafiya. Na ce shi ai yana gida, zai iya jira."

"Wata bakwai yana jira," in ji ta. "Kwance katin."

Da hannunsa ya kwance, samarin na kallo.

Direba ya ƙi yarda a kai maganar ofis. Cewa kawai ya yi kada mutumin ya sake taka masa ƙofa. Ya ɗaura katin, ya danna maɓallin. Allon ya kawo haske.

Saje ta zata ƙwallo ko harbi zai sa. Sai ga babbar motar fasinja a tasha ta bayyana a allon, titi shimfiɗe a gabanta. Ya gyara zama, ya jingine sandunan, ya kunna sigina kafin ya hau titi, ko da yake babu kowa a bayansa.

"Yaya, hau mu je," ya ce.

Bai ji amsa ba. Ya waiga, ya ga barci ya riga ya ɗauke ta a kan kujera, sai ya rage ƙarar injin.