Mitar Motar Burodi

Da hantsi, bayan motar raba burodi ta dawo, Hajiya mai gidan burodin ta leƙa ta taga ta duba mitar kilomita, sai ta dafe ƙirji. Hanya ɗaya motar ke bi kullum, amma kwana biyun nan mita sai ƙara nisa take yi, ga masu shaguna na ta kukan burodi ba ya isowa a kan lokaci. Hajiya kuwa in ranta ya ɓaci ba ta da dogon tunani. Nan take ta yanke cewa direba na karkatar da motar yana ɗaukar haya da man da ita ta saya. Ta karɓe makulli, ta kai ƙara.

Direban dattijo ne, ma'aikata na ce masa Baba Sannu domin ko gobara ake yi ba ya taka mota. A gidan burodin nan gashinsa ya yi fari. Washegari yana zaune a kan benci a ofishin 'yan sanda, hula a gwiwa, gaban wani Sufeto mai tumbi da gajen haƙuri. Tausayi ya kama Sufeton tun kafin ya yi tambaya, abin da ya ba shi haushin kansa.

"Baba, ina kake kai motar?"

"Inda na saba, yallaɓai."

"To me ya sa kake makara?"

"Wallahi ni ma abin ya ɗaure min kai. Allurar gudu tana kan sittin yadda take tun ina saurayi, amma sai in ga rana ta riga ni."

"Wa ke taɓa motar ban da kai?"

Dattijon ya juya hular, ya ce ranar hutunsa ba ya nan, bai sani ba. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

Sufeto ya tafi gidan burodin. Mai gadi ya rantse motar ba ta fita bayan an ajiye ta, kuma ba makulli a hannunsa, ko keke ma bai iya ba. Sufeto ya sallame shi. Yana barin wurin sai Auta, ɗan Hajiya mai kula da gyaran motoci, ya biyo shi da sauri har bakin ƙofa.

"Yallaɓai, don Allah a saki Baba. Shi ya riƙa kai ni makaranta, ba zai ci amana ba. Mitar ce ke ƙarya. A ba ni motar in kai a saita ta, magana ta wuce."

"Na ji," in ji Sufeto. Bai ba shi motar ba.

Maimakon haka ya sa aka kawo Baba Sannu, ya miƙa masa makulli, ya zauna a gefensa, ya buɗe taswirar wayarsa mai nuna gudun tafiya. Suka hau titi. Tafiya ce ta gwajin imani, har mai turin kura ya kusa wuce su. Sufeto na cije leɓe yana duban allura, yana duban waya. Allura na kan sittin daram, waya kuwa ta ce ba su kai ba. Da suka gama zagayen, mitar kilomita ma ta ƙirga fiye da abin da wayar ta nuna.

Suka tsaya wurin mai wayarin motoci da ke bayan gidan burodin. Ya haɗa na'urarsa, ya danna, ya girgiza kai.

"Mita lafiyarta ƙalau, yallaɓai. Ita ai ba ta ganin titi, juyin taya kawai take ƙirgawa." Ya tsuguna ya goge gefen taya ya karanta lambobin, ya buɗe ƙofar direba ya duba girman da kamfani ya manna. "Ga matsalar. Waɗannan sun yi mata ƙanana. Ƙaramar taya sai ta juya da yawa kafin ta ci hanya, sai mita ta ɗauka ana gudu, ana nisa. Ko a saita mitar a kan sabon girma, ko a mayar da nata."

"Kana yawan yin wannan aikin?"

"Jefi-jefi. Kwanan nan ma na yi wa Auta. Tasa motar kuma manyan tayoyi ya sa mata, har suna gogar jiki in ya karya kwana. Na ce masa wannan takalmin yaya ne a ƙafar ƙane."

Baba Sannu ya juya baya kamar ba ya ji.

Mai faci na tsallaken titi bai ba da wahala ba. Motoci biyu Auta ya kawo masa rana guda, ya ce. Manyan tayoyi masu kyau da Hajiya ta saya wa motar burodi aka cire aka sa wa motar Auta, motar burodi kuma aka sa mata wasu ƙanana masu araha da ke sheƙi. Shi dai an ce ya ɗaura ya ɗaura.

A ɗan ofishin Hajiya, tsakanin buhunan fulawa, Sufeto ya tara su.

"Hajiya, makarar da ƙarin kilomitan uwarsu ɗaya. Baba na bin allura, allura na bin taya, an kuma sauya tayar. Ba man da ya sata, ba hayar da ya ɗauka." Ya juya ga Auta. "Kai kuma, lokacin da ka ce min mita na ƙarya, ko ni ban sani ba, ko bakanike bai duba ta ba. Ta ina ka sani?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Umma, tayoyina ne suka sude, ɗaya ta fashe da yarana a ciki. Na ji kunyar sake tambayarki. Na so in saita mitar motar burodin ma, amma Baba ba ya rabuwa da ita ranar aiki, ranar hutu kuma mai wayarin ba ya buɗewa. Ban zaci abin zai faɗa kan Baba ba."

"Da ya faɗa kuma sai ka yi shiru," in ji Sufeto. "Tausayinka ne ya tona ka, amma bai kai ka faɗin gaskiya ba."

Hajiya ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ce, "Baba, ka san an sauya?"

"Na ga motar ta ɗan zauna ƙasa, Hajiya. Na kuma ga tasa ta yi tsayi. Ban san shi ke sa ni makara ba. Yaron da na goya, da wane baki zan kai ƙararsa?"

Ta tura masa makulli, ta ce ya yafe mata, ya faɗi duk abin da yake so. Ya ce ya yafe, kada kuma a rufe Auta, a mayar wa mota tayoyinta mitarta ta dawo daidai. Sannan ya dubi Sufeto.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Da safe a bayan motarku aka ɗauke ni, maƙwabta na tsaye, jikokina na leƙe ta ƙofa. Ka mayar da ni gida da kanka, ina zaune a gaba."

Sufeto ya ɗauki hularsa ya fita. Da kansa ya buɗe wa dattijon ƙofar gaba, da suka shiga layin kuma ya rage gudu ya sauke gilasai duka.