Abin da Kunkuru Ya Haɗiye

Ƙwayoyin suna kwance a tsakiyar ƙura, farare ƙal, manne da jikin akwatin roba wanda ake ganin cikinsa kamar gilashi. Sufeton 'yan sanda ta ɗaga akwatin saitin taga ta ƙura musu ido.

"Ba ki buɗe shi ba?"

"Ban buɗe ba, ranki ya daɗe," in ji Auta, ƙaramar 'yar marigayin. "Ƙwaya ɗaya na zaro da tsinke ta bakin da ƙura ke shiga, na kai wa mai kemis tare da kwalbar maganin Baba. Ya ce ta cikin sharar ita ce maganin zuciya na gaskiya. Waɗanda ke cikin kwalbar kuwa na ƙarin ƙarfin ƙashi ne. Ba sa cutarwa, ba sa kuma yi wa zuciya komai."

Baba Direba, tsohon matuƙin jirgin ƙasa, ya rasu a kujerarsa ta falo bayan ƙafafunsa sun kumbura numfashi ya gagare shi. Likita ya ce zuciya ce, kuma kowa ya san da ciwon, don haka aka kai shi makwancinsa ba tare da tambaya ba. A gidan babban ɗansa aka yi zaman makoki, aka kulle nan. Sai yau da safe Auta ta zo kwashe tufafinsa. Tana buɗe ƙofa ta ji motsi a uwar ɗaki, wani gurnani ƙasa-ƙasa yana tahowa. Ta ce saura kaɗan ta zube. Ashe na'urar shara ce, tana ta aikinta kowace safiya a gidan da babu kowa.

Na'urar tana gefen bango a kan mazaunin cajinta, baƙa, zagayayya kamar faifai. Auta ce ta saya masa da sunkuyo ya gagare shi, ƙurar tsintsiya kuma tana tayar masa da tari. Da kanta take fita, ta shiga ƙarƙashin gado da kujeru inda hannu ba ya kaiwa, in cajinta ya yi ƙasa ta koma mazauninta. Kunkuru yake ce mata.

"Da mai jaka na so saya," in ji Auta. "Baba ya ce shi ba zai riƙa sayen jaka don shara ba. Wannan zare akwatin ake yi a zubar, a wanke matacin ƙurar a mayar. Da mai jakar ce, da na cire na jefa a bola ban ga komai ba."

"Wa ke zubarwa?"

"Ni. Hannunsa na rawa, ba ya iya buɗe maɓallin. To aiki ya kai ni wani gari, ban dawo ba sai da aka kira ni."

Sufeto ta juya akwatin a hankali. Sharar ta danne kanta hawa-hawa. A can ƙasa garin katako ne. A samansa ƙwayoyin. Sai wani siririn layi na guntayen farin gashi, sannan lallausar ƙura mai launin toka, irin ta gidan da aka rufe.

"Kafinta ya zo gidan nan?"

"Ya gyara ƙofar kabad, ranar Litinin bayan tafiyata. Baba ya gaya mini a waya."

"Wannan gashin fa?"

Auta ta kau da kai. "Na Baba ne. Mai aski yana zuwa masa ran Alhamis."

"To tsakanin kafinta da mai aski ƙwayoyin suka zube."

Sufeto ta durƙusa ta ɗaga na'urar don ta duba cikinta. Nan take muryar mace ta fito daga jikinta, a natse, tana cewa a mayar da ita ƙasa. Muryar ta zaga falon ta dawo. Sufeto ta shekara da shekaru tana shiga ɗakunan da aka mutu, amma sai da tsikar jikinta ta tashi. Ta ajiye ta da sauri.

"Yaushe take magana?"

"Sai in an ɗaga ta. Ni kaina a shago kawai na taɓa ji."

Auta ta buɗe wayarta, inda na'urar ke ajiye taswirar gidan da tarihin aikinta. Suka bi shi tun daga ranar da aka sayo ta. Ban da na yanzu, sau ɗaya tak aka taɓa ɗaga ta: ranar Talatar da ke tsakanin zuwan kafinta da na mai aski, da hantsi, a uwar ɗaki, daidai gefen gado inda kwalbar magani take. Bayan ɗan lokaci aka ajiye ta, ta shige ƙarƙashin gadon ta ci gaba da shara.

Mutum uku ke shiga gidan ba tare da ƙwanƙwasawa ba: babban ɗan, da nas mai zuwa auna masa jini, da Tela, abokin marigayin na ƙarshen layi.

Babban ɗan ya karɓi Sufeto a ofishinsa na makarantar da yake shugabanta, fuska a murtuke.

"An ce kun yi cacar baki da mahaifinka."

"Mun yi. Na ce ya dawo gidana, ya ƙi. Ya ce ba zai bar Kunkuru shi kaɗai ba. Da raha ya faɗa, ni kuma na ɗauka da zafi." Ya cire tabarau ya murza ido. "Maganarmu ta ƙarshe ke nan."

"Ina kake ran Talatar da hantsi?"

"A zauren jarrabawa. Malamaina suna nan, ki tambaye su."

"Na'urar nan tana da ƙara?"

"Gurnani kawai, kamar firji."

Malaman sun tabbatar. Nas kuwa Sufeto ta same ta a asibiti tana wanke hannu, kuma tun kafin a gama tambaya idonta ya ciko.

"Na ga kumburin, ranki ya daɗe. Na ce Baba kana shan magani? Ya girgiza mini kwalbar a fuska, ya ce shi yaro ne? Ba ya bari a taɓa masa ita. Idonsa kuma ya yi rauni, fari dai fari ne a wurinsa. Da na karɓa na duba…"

"Ran Talata kin je?"

"Ina ɗakin tiyata tun safe. Da yamma nake zuwa masa."

"Na'urar tana damunki in kina aiki?"

"Ban taɓa ganin ta tana tafiya ba ma. Kullum a jikin bango nake samun ta."

Shagon Tela ɗaki ɗaya ne a gaban gidansa, cike da ƙyallaye da warin man keken ɗinki. Dattijo ne siriri, awo rataye a wuya. Ya share mata benci da hannun rigarsa.

"Baba, an ce kai ne amininsa."

"Tun muna samari, 'yata. Shi yana kan jirgi, ni ina kan keke, duk dai ƙarfe muke tuƙawa." Ya yi ɗan murmushi, ya ɓace nan da nan. "Kullum da safe sai na je mun sha shayi kafin in buɗe shago. Har yanzu ƙafata takan ɗauki hanyar, sai na kai rabi in tuna."

"Kana shiga uwar ɗakinsa?"

"A'a. Iyakata falo."

"Na'urar sharar nan fa, ka saba da ita?"

"Kunkuru? Shi dai yake sonta. Ni abin da za ka ɗaga ya yi maka magana da muryar mace, ina ni ina shi."

Sufeto ta bi wani zare da ke ƙasa da ido har inda ya ƙare.

Labulen ƙofar ciki ya ɗaga, wata dattijuwa ta fito da kofin ruwa a kan faranti, tana tafiya da ƙarfinta. Matar Tela ce.

"Sannu da zuwa, 'yar nan. Kan rasuwar Direba ne? Allah ya ji ƙansa, ya sa aljanna makoma. Kin gan ni nan, watannin baya ko bakin labulen nan ba na iya zuwa. Ƙafafuna kamar turmi, in na kwanta numfashi ya tsaya. Ciwonmu ɗaya da shi. Maganin ya fi ƙarfinmu, muka haƙura. Sai ga shi yana aiko mini ta hannun Malam, wai 'ya'yansa sun saya masa ya yi yawa."

Tela ya dafa keken ɗinki da hannu biyu.

"Inna, na gode da ruwa," in ji Sufeto. "Ki ɗan ba mu wuri."

Da labulen ya sauka, Sufeto ta rage murya.

"Na'urar ba ta magana sai an ɗaga ta, Baba. Ɗansa bai san tana yi ba, nas ba ta sani ba. Tun da aka sayo ta sau ɗaya aka ɗaga ta, ran Talata da hantsi, a gefen gadonsa. Kai kuma ka ce iyakarka falo. Ga yadda nake gani. Kana tsaye kana juye ƙwayoyi a tafin hannunka, ta zo ta baya ta bugi dunduniyarka. Ka firgita, suka watse. Ka ɗaga ta don kada ta haɗiye su, ta yi magana. Ka tsince waɗanda ka gani. Waɗanda suka gangara ƙarƙashin gado ba ka gan su ba, ita kuma can ta nufa da ka ajiye ta. Ina Direba yake a lokacin?"

A waje wani ya wuce da amalanke yana kiran kaya.

"Yana wanka," in ji Tela. "Ina jin zubar ruwa. Da muryar ta fito na ɗauka marigayiya matarsa ce. Wallahi haka na ɗauka."

"Wannan ne karo na farko?"

"A'a. Da fari kaɗan nake ɗiba, in cika da na ƙashi. Na ce mutum mai ƙarfi kamarsa, rabi ya ishe shi. Na ga matata ta fara tashi, ta fara cin abinci, ta fara yi mini faɗa kamar da. Shi kuma ban ga ya canja ba. Ran nan sai na kwashe duka, na ce 'yarsa ta kusa dawowa da sabuwar kwalba."

"Ka ga ƙafafunsa sun kumbura."

"Na gani."

"Ka san ko mene ne."

"Na fi kowa sani. Ni na sassauta masa takalmi da almakashina. Yana yi mini godiya. Kullum in ce gobe zan mayar, in dawo gida in dube ta, in kasa."

"Me ya hana ka roƙe shi?"

"Da na roƙa da ya ba ni. Har da kwalbar zai haɗa." Ya sunkuyar da kai. "Kunya ce, 'yata."

"Ta hana ka roƙo, ba ta hana ka wannan ba."

Bai yi musu ba. Ya cire awon daga wuyansa ya naɗe shi tsaf, ya ajiye a kan rigar wani da bai gama ɗinkawa ba. Ya rufe keken da mayafinsa.

"In yi mata sallama?"

"Tare za mu shiga. Ina bukatar sauran ƙwayoyin."

Ɗakin ciki ƙarami ne, a share. Inna ta ɗauko wani gwangwanin maɓallai daga bayan madubi ta buɗe. Ƙwayoyin da suka rage ba su rufe gindinsa ba. Ta miƙa wa Sufeto, tana duban mijinta, tana duban baƙuwar.

"Lafiya dai, Malam? Sun lalace ne?"

Tela ya dubi ƙasa.

Doka ta ce a tafi da gwangwanin yadda yake. Sufeto ta tsaya riƙe da shi. Ta dubi ƙafafun tsohuwar a cikin silifa, sirara, jijiyoyi a fili. Sai ta zazzage ƙwayoyin a tafinta, ta ware biyu ta sa a ambulan, ta mayar da sauran ta rufe.

"Ba su lalace ba, Inna. Ki ci gaba da sha yadda kika saba. Gobe wata nas za ta zo ta kai ki asibiti, ni zan turo ta. Malam zai raka ni ofis."

"Zai daɗe?"

"Zai daɗe."

Inna ta karɓi gwangwanin ta rungume a ƙirji. Ta sake duban mijinta, wannan karon ba ta ɗauke ido ba. A hankali fuskarta ta fara sauyawa.

"Malam," ta ce, "Direba ne ya aiko mini da su, ko?"

Tela ya juya ya fita ta labulen, Sufeto na biye da shi. Har suka kai bakin titi ba su ji ta sake kira ba.