Hamsin da Alli, Ashirin da Huɗu a Geji

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina jan gingimari. Sau uku tana kifewa da ni, sau uku ina fitowa da ƙafata ina kaɗe riga. Ban taɓa zaman aji ba, amma duk faɗin Gyadi-Gyadi ka tambayi Ilu Mai Gingimari, za a gaya maka taya ba ta yi min ƙarya. Abin da na gani da idona zan faɗa, wanda ban gani ba kuwa daga bakin Sufeto Kubura na ji shi.

Ranar Talata ce, da damina, wajen sha ɗaya na safe. Ina zaune a bencin Lawan mai faci sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. A-kori-kurar Alhaji Abdulmalik ɗan kwangila ce, tana jan injin kwaɓa kankare. Tayar baya ta dama ta fashe, injin ya tsinke daga ƙugiya ya yi gefen titi. Lami mai dafaffiyar gyaɗa tana zaune a wurin da tirenta. Ko shurawa ba ta yi ba, Allah ya jiƙanta. Direban, Kabiru, hannunsa ya karye, aka wuce da shi asibiti.

Sufeto Kubura ta iso da kofur ɗinta ana rufe gawar da zane. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ba ta gama zagaya motar ba sai ga Alhaji Abdulmalik, babbar riga na jan ƙasa, yana nuna Lawan da yatsa.

"Ga wanda ya kashe ta nan! Shi ya ɗura wa tayata iska yau da safe har ta fashe!"

Jama'a suka fara matsowa, wani har ya ɗauki dutse. Dole Sufeto ta sa kofur ya tura Lawan cikin motarsu.

"Kai ka sa iskar?" ta tambaye shi ta taga.

"Ni na sa, ranki ya daɗe, ƙarfe bakwai. Kabiru ya ce ja zai yi, na sa talatin da biyar a gaba, hamsin a baya. Duba jikin tayar, ni kullum sai na rubuta da alli."

Ta duba tayar baya ta hagu, wadda ta tsira. Ga hamsin nan da farin alli. Ba ta yarda da gejin Lawan ba, ta aika aka aro na wani mai faci a tsallake. Aka ɗora. Ashirin da huɗu.

"Kun gani," in ji Alhaji, "ko aikinsa bai iya ba."

Sufeto ta ce, "Ɗazu ka ce ya cika ta, Alhaji. Yanzu kuma bai cika ba?"

Ya ce shi dai ba ya nan, tun asuba yana wajen aikinsa a Ƙauyen Alu.

A nan ne na miƙe da sandata. Na ce, "'Yar nan, in kina son gaskiya, a ɓare miki tayar da ta fashe." Aka ɓare. Na zura hannu na damƙo baƙin gari kamar dakakken gawayi, na zuba mata a tafi.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Taya ce ta ci kanta. In mota ba kaya, talatin da biyu ko da biyar ya ishe ta. In za ta ja abu mai nauyi sai an ƙara wa na baya, don nauyin ƙugiya a kansu yake sauka. In ba a ƙara ba, gefen tayar ya dinga lanƙwashewa yana miƙewa, kamar wayar da kake son tsinkewa da hannu, har ya yi zafi ya narke ta ciki. Wadda iska ta yi wa yawa ba ta yin wannan garin. Ni na binne abokai huɗu a kan haka, ba a takarda na karanta ba."

Ta ƙulle garin a leda. Amma Lawan dai bayan kanta ya kwana, don Alhaji ya rubuta bayani a kansa cewa shi ne sanadin asarar rai. Mutumin da 'ya'yansa shida, ba shi da komai sai injin iska da guduma, ga kotu na jiransa ranar Juma'a.

Washegari Sufeto ta bincike gidan gaban motar. A kujerar mai zaman banza ta tarar da matashin kai guda biyu, a ƙarƙashinsu katin asibitin ƙashi, da sunan Hajiya Zahra'u, da kwanan watan Talatar nan. Ta sa shi a aljihu ta nufi gadon Kabiru a asibiti.

"Daga wurin Lawan ina ka yi?"

"Garin Kura na wuce kai tsaye, ranki ya daɗe, na ɗauro injin."

"Ka tashi bakwai, ka dawo sha ɗaya. Kura ta ƙara nisa ne ban sani ba?"

"Akwai cunkoso."

"Wace ce Hajiya Zahra'u?"

Ya juya fuska bango.

"Da kai nake, Kabiru. Mace ta mutu, wani kuma yana kulle."

"Mahaifiyar Alhaji ce," ya faɗa a hankali. "Don Allah ki bar ni haka. A inuwarsa nake ci da iyalina."

Ranar Alhamis da hantsi Sufeto ta shiga lungun su Alhaji a Babban Giji. Ruwa ya cinye hanyar, rami bayan rami, ƙaramar mota ba ta isa ta shiga ba. Ta sami tsohuwar kwance a katifa a tsakar gida, ƙafa ɗaya a miƙe. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Sannu Hajiya, ya jikin? An ce shekaranjiya kin je asibiti."

"Na je, 'yata. Ƙugun nan ne, tun da na faɗi a banɗaki. Abdulmalik ne ya kai ni da kansa, Allah ya yi masa albarka."

"A wace mota?"

"A ta kayan nan mana, ita ke iya fita lungunmu. Muna tashi ta fara tsalle da ni kamar jaki, na yi ta ihu. Sai ya tsaya a bakin masallaci, ya karɓi ashana wajen mai shayi, ya tsuguna da babbar rigarsa yana rage iskar ƙafafun baya. Wallahi daga nan kamar a kan gado nake. Ina za ki samu ɗa irin wannan a zamanin nan?"

"Hajiya, ki yi shiru!"

Alhaji ne tsaye a bakin zaure, gumi na zuba daga ƙasan hularsa. Tsohuwar ta dube shi, ta dubi Sufeto.

"Me na faɗa? Yabonka fa nake yi."

Sufeto ta ce masa su fita zaure, ba a gaban tsohuwar ba.

"Ka ce tun asuba kana Ƙauyen Alu."

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Da ka dawo da motar, ka gaya wa Kabiru ka rage iska?"

Ya zauna a kan dakali. "Shi ya gani da kansa. Ya ce, Alhaji, bari in koma wurin Lawan a mayar da hamsin. Na ce leburori ashirin na zaune, ga hadari ya haɗo, wuce kawai, taya ba ƙwai ba ce. Minti biyar na hana shi, Sufeto. Minti biyar."

"Sannan ka nuna Lawan a gaban masu duwatsu."

"Tsoro ne ya kama ni. Na ce in aka kulle ni, wa zai dinga ɗaga Hajiya?"

"Ita Lami marayu uku ta bari. Tashi mu je."

Ya roƙi kada a sa masa ankwa sai an fita lungu, ta yarda. Suna tafiya ana jin muryar tsohuwar daga ciki tana kiran, "Abdulmalik, ina za ka ba ka ci abinci ba?"

Ni ina ƙofar ofishin 'yan sanda lokacin da aka fito da Lawan, ido ya faɗa, riga duk ta yamutse. A daidai matakala suka yi kiciɓis da Alhaji, ana shiga da wannan ana fitar da wancan. Alhaji ya tsaya, ankwa a hannu.

"Malam Lawan, ka yafe ni don Allah."

Lawan ya dube shi.

"Ni kwana biyu kawai ka ci min, Alhaji, na yafe. Ita da ba za ta dawo ba, ban san inda za ka same ta ba."

Kofur ya ja shi ciki. Lawan ya zura silifas ɗinsa da ya karɓo a kanta, ya juyo gare ni.

"Baba Ilu, yau ne sadakar uku, ko? Raka ni gidan Lami tukuna, gida ya jira."