Zakaran Yayan Amarya

Ƙarfe takwas na safiyar Talata Ciyaman ɗin garin, Walusimbi, ya faɗo caji ofis, ko gaisuwa babu.

"Afande, an kashe ni! Kajin ƙwai ɗari shida, duk a ƙasa. Guba ce, kuma na san mai ita."

Mai ita, a faɗarsa, maƙwabciyarsa ce Nnalongo, wata dattijuwa mai suyar kifi da suka shekara uku suna rigimar iyakar gona. Sufeto Ssenyonjo, wanda a nan ake kira Afande kamar kowane ɗan sanda, bai yi dogon tunani ba. Ciyaman ne fa, mutumin da kwana goma da suka wuce ya zaunar da shi a sahun gaba a bikin ƙanwarsa Prossy. Kafin rana ta take, matar tana bayan kanta, samarin gari kuwa har sun fara maganar cinna wa gidanta wuta.

"Afande, ni ko ɓera da tarko nake kama shi," in ji ta. "Ina na ga guba?"

"Kowa haka yake cewa, Mama."

Washegari Sufeto ya ɗauki likitar dabbobi, Dakta Atim, don kawai ta sa hannu a rahoto. Suka tarar Ciyaman ya riga ya binne kajin.

"Me za a tono kuma? Wari ne kawai," in ji Ciyaman.

"A tono," in ji Dakta.

Ta ɗaga kaza ɗaya da safar hannu: kai a kumbure, tukku ya yi shuɗi, ƙafafu da ɗigon jini.

"Sai gwaji ya fito, amma wannan ba guba ba ce. Murar tsuntsaye ce, wadda take zubar da tsuntsayen daji a bakin tabki."

"Ta ina?" Ciyaman ya daka tsawa. "Ni na zaga garin nan da lasifika, na ce ko fiffike kada ya shigo daga tabki!"

Gaskiya ne, har muryarsa ta dishe. Sai dai can ƙasan ramin shebur ya ɗago wani jan zakara mai dogon ƙaimi, wanda ya fi duk sauran ruɓewa. Gonar ƙwai kuwa ba ta ajiye zakara.

"Na Nnalongo ne, ita ta jefo shi," in ji Ciyaman da sauri.

Sufeto ya tsuguna. A ƙafar zakaran akwai ɗan ƙyalle ruwan zinare, irin wanda aka ƙawata rumfar biki da shi. Nan take ya gane shi. A nan Buganda ai yarinya ba ta fita gidansu sai ango ya miƙa wa yayanta zakara hannu da hannu. A gabansa aka miƙa wa Ciyaman wannan. Shi da yake da takardar dokar hana shigo da kaji daga tabki a aljihun teburinsa, har tafi ya yi.

"Naka zakaran na biki fa, Ciyaman, yana ina?"

"Mun cinye shi da ayabar matoke tun ranar."

Sufeto ya hau babur zuwa mashigar jiragen ruwa, wajen angon, wani masunci mai suna Mubiru. Gidan tsit, akurkin agwagi wayam.

"Sun mutu mako guda kafin bikin, Afande," in ji Mubiru, kansa a ƙasa. "Na faɗa wa surukina. Na ce ya karɓi akuya. Ya ce ƙanwar Ciyaman ba za ta fita da akuya kamar marar gata ba. Shi ya ce in cusa zakaran ƙarƙashin nonon ayaba, zai kira 'yan shinge su bar motar ta wuce."

Da yamma Sufeto ya koma gonar. Ma'aikatan Dakta suna bi gida gida cikin fararen kaya, suna cusa kajin unguwa a buhu don a kashe su.

"Mubiru ya yi magana. Ƙyallen ma ya yi."

Ciyaman ya zauna daɓas a kan bokiti.

"Kyau ne da shi, Afande. Na kasa yankawa, na saka shi cikin kajin. Kwana uku ya mutu, suka bi shi. Da wane baki zan ce wa gari ni na kawo cutar? Ni mai lasifika?"

"Shi ne ka ba su Nnalongo su ƙone."

"Ai da ba zan bari ya kai haka ba."

"Miƙo hannunka."

Ta tsakiyar kasuwa suka bi. Samarin jiya masu maganar wuta kowa ya sami abin kallo a ƙasa, Sufeton ma bai fi su ɗaga kai ba. Wallahi da ƙasa za ta tsage, da ya riga Ciyaman shigewa.

Da kansa Sufeto ya buɗe ɗakin bayan kanta. Nnalongo ta fito tana dafa bango. Ta dubi Ciyaman da ankwa, sai ta durƙusa gwiwa biyu a gaban Sufeto.

"Na gode, Afande."

"Tashi, Mama. Don Allah tashi."

Wani kofur ya tura Ciyaman ciki ya ja ƙofar. Ita kuwa ta gyara ɗaurin zanenta.

"Bari in yi sauri. Kajina tara kwana biyu ba wanda ya ba su ko ruwa."

Sufeto ya buɗe baki. Tun ƙarfe huɗu ya ga an fito da buhun kajin daga gidanta.