Rijiyar da Hansatu Ta Rubuta

Cikin daƙiƙa huɗu Ma'aunin Buri ya haɗiye takardar Hansatu. Fitilarsa ta yi kore, ta koma ruwan ɗorawa, sannan ta tsaya a kan ja. Maki ya fito a allon gilashi: goma sha tara bisa ɗari.

"Ke kam gawa ma ta fi ki sa rai," in ji Jatau, ɗan ajinsu, yana leƙowa ta bayanta. "Ni tashar jirgi na ce zan gina a duniyar wata, ya ba ni tamanin da biyu."

"Kai da ko keke ba ka iya gyarawa?"

"Ina ya sani? Shafi goma na cika masa."

A jami'ar Birnin Inuwa, birnin da aka yi wa rufin gilashi tun da rana ta fi ƙarfin mutane, ɗalibi ba ya fita sai ya rubuta jingar ƙarshe: abin da zai yi nan da shekara goma. Ba malami ke dubawa ba. Na'urar ce ke karantawa, ta auna yadda mai rubutun ya yarda da gobensa, ta raba guraben aiki. Wanda ya haura saba'in shi zai zaɓi inda za a tura shi. Wanda ya gaza, sai ɗakin kula da fankoki a ƙarƙashin ƙasa.

Gurbi ɗaya Hansatu take so a duniya: injiniyar ruwa ta Tudun Gawo, ƙauyensu, inda rijiyar ƙarshe ta ƙafe shekara shida da suka wuce. Kuma ba wai ba ta da shiri ba ne. Kakanta Malam Barmo, tsohon mahaƙin rijiya, ya nuna mata wani layin suri da ya ratsa bayan gari, ya ce akwai ruwa a ƙarƙashinsa. Hutu uku ta yi tana bin layin da na'urar awo, ta tabbatar. Kogi ne guda a kwance a cikin ƙasa.

Sai dai a gidansu ba a faɗin irin wannan. Mai ciki ba ta shela, matafiyi ba ya faɗin ranar tashi, mahaƙi kuwa ba ya nuna wa kowa wurin ruwa sai ya ga danshi a bakin digarsa. Tsoron kambun baka ne, da shi aka rene ta. Shi ya sa ta rubuta rabin shafi kawai, ta ce za ta koma gida ta yi abin da ya sawwaƙa.

"Abin da ya sawwaƙa," Dakta Ilu, malamin da ke kula da ita, ya maimaita yana murza goshi. "Hansatu, na'ura ba ta san kara ba. Abin da ba ki rubuta ba, a wurinta babu shi. Jibi za a rufe."

"Malam, ko in faɗa maka a baki, kai ka sa hannu?"

"Ni? Rabon da a nemi sa hannuna tun kina firamare."

Da ta fito ta kira kakanta. Fuskarsa ta bayyana a wayar, yana zaune a gindin gawo, bayansa jarkoki a jere suna jiran tankar ruwa ta mako.

"A'a, uwargida, yau an tuna da miji?"

"Wa zai zauna da tsoho marar haƙori? Kaka, so suke in rubuta maganar nan. Dukanta."

Murmushin ya ɗauke.

"Wa zai karanta?"

"Na'ura ce kawai."

"To, ita ba ta da baki?"

"Ba ta da shi. In ban rubuta ba, wani za a turo muku, wanda bai san suri ba bai san gawo ba."

Ya waiwaya ya dubi jarkokin. "Ke kika yi boko," ya ce. "Allah ya sa a dace."

Washegari ta zauna rubutu da hantsi, ba ta tashi ba sai la'asar. Abin mamaki, da ta fara sai ta ji daɗi. Shekara uku tana ɗauke da maganar a ciki kamar dutse, yau ga ta tana zuba. Ta rubuta zurfin ruwan, da inda ya fi kusa da sama, da yawan bututun da ake buƙata. Ta zana lambun da mata za su yi, har da inda yara za su riƙa wanka. A karon farko ta ga goben a fili, ta kuma yarda da ita. Shafi arba'in da ɗaya.

Fitilar ta yi kore ta tsaya. Casa'in da tara.

Abin da ba a gaya wa ɗalibai ba, ko kuma aka rubuta a ƙasan wata takarda da ba wanda ya karanta, shi ne Ma'aunin Buri ba shi kaɗai yake ba. A haɗe yake da Kwakwalwar Birni, wadda ke raba wuta da iska da ruwa. Duk burin da ya haura casa'in da biyar, ana ɗaukarsa shiri ne da ya nuna, a miƙa shi a aiwatar. Tashar Jatau ba ta kai wannan makin ba, ba ta kuma da awo ko ɗaya, don haka ba ta je ko'ina ba. Hansatu kuwa babu abin da ta rage a takardarta.

Kwana tara bayan nan injinan haƙa guda shida suka sauka a bayan Tudun Gawo, babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Kafin sati ya zagayo ruwa ya ɓalle. Kwakwalwar ta yi lissafinta: mutum dubu biyu a ƙauye, miliyan bakwai a ƙarƙashin rufi. Aka kewaye wurin da waya mai lantarki, aka juya bututun kudu, zuwa Birnin Inuwa.

Hansatu ta shiga ofishin Dakta Ilu ba sallama.

"Gurbina fa, Malam?"

"An soke shi." Ya ƙi haɗa ido da ita. "Tunda aikin ya kammala, ba a buƙatar injiniya. Mutanen kuma za a kwashe su zuwa sansanin gabas kafin ƙarshen wata, wai zamansu kusa da bututu hatsari ne."

"Na rubuta lambu. Na rubuta wurin wankan yara."

"Na karanta. Ni na karanta har ƙarshe." Ya tura mata wata takarda mai tambarin zinariya. "Ke ce gwarzuwar shekara. Suna so ki yi wa sababbin ɗalibai jawabi a kan kyautata zato ga gobe."

Ta kira kakanta sau huɗu, wayar a kashe. A na biyar wata maƙwabciya ta ɗauka, ta ce yana can bakin wayar lantarkin tun safe, ya tsuguna yana sauraren ƙarar ruwan a cikin ƙarfe, ya ƙi tasowa ko don abinci.

A ɗakin cin abinci Jatau ya tarar da ita ita kaɗai. Yau bai zo da tsokana ba. Ya tari ruwa a famfo kofi biyu, ya ajiye mata ɗaya. Ya kurɓi nasa, ya dubi kofin.

"Kin ji kuwa? Ruwan birnin nan ya canja. Har wani garɗi yake yi."

Hansatu ta riƙe kofin da hannu biyu. Sanyi ƙalau, garai-garai, babu warin magani. Tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, maƙogwaronta ya bushe, kuma duk faɗin Birnin Inuwa babu wani ruwan sai shi.