Zoben Farmor da Tsohon Alade

"To in ba shi ba ne, wane ne? Ni ce? Ko Tilde?"

Mor, wato mahaifiyarmu Birthe, ce ke wannan faɗan, tana nuna ni da cokalin kofi kamar ni na yi mata laifi. Yayata Dagny na tsaye jikin firji, idonta ya yi jajir.

"Mor, Villads ba ɓarawo ba ne!"

"Na ce ɓarawo ne? Cewa na yi kafin ya shigo akwai zobe, bayan ya fita babu zobe. Ki haɗa da kanki mana, ai ke kin yi makaranta — ba kamar shi ba."

Bari in gaya muku yadda aka yi, da sauri, don ni dogon zance gajiyar da ni yake. Farmor, kakata ta wajen uba, a gidanmu take tun rasuwar Far, mahaifinmu. Za ta cika shekara tamanin, dangi za su cika gida, shi ne Mor ta tayar da sharar duniya. Villads, saurayin Dagny, ya ce zai taya mu. A jirgin kamun kifi yake aiki, Mor kuwa ba ta taɓa ƙaunarsa ba, wai ko wanka goma ya yi ƙarnin kifi yake. Ranar ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ya ja injin shara ya share falo. Ranar kuma Farmor ta cire zoben aurenta za ta shafa man ciwon gaɓɓai, ta ɗora shi a hannun kujerarta, barci ya kwashe ta. Da yamma aka nemi zobe aka rasa.

Injin sharar nan Alade muke ce masa. Ya girme ni, ya girmi Dagny, da shi Farmor ta tare gidan aurenta. Wani tulu ne na ƙarfe, ba taya, sai ƙarafa biyu a ƙasa da yake sulɓi a kansu. Ka ja tiyonsa ya biyo ka yana gurnani, ya daki ƙafar tebur, ya kife. Wayarsa gajera, kana tsakiyar falo sai ka ji ɗif, ta fizge daga bango. Jakar yadi ce a cikinsa, sai ka fita waje ka zazzage kana tari. Abin da ya zuƙa ta gaba, iskarsa ta baya take fita, da zafi da warin ƙonannen gashi. Amma ƙarfi? Labule ma haɗiye shi yake.

Jakar aka fara dubawa mana, ai ba mahaukata ba ne mu. Dagny ta zazzage ta a kan jarida, ta bi ƙurar da cokali mai yatsu. Maɓalli biyu, fil ɗin gashina, busasshen ƙuda. Babu zobe. Mor ta naɗe hannu ta ce, "Uhm." Wannan "uhm" ɗin ya fi zagi.

Ta tare Villads a bakin ƙofa ta ce kada ya ƙara taka mata gida. Na zaci zai yi ihu. Ni da ni ce da na fasa wani abu! Sai kawai ya ce, "Ba komai, Birthe. Zan jira." Duk Juma'a kuma sai mu tsinci kifi a leda rataye a ƙofa.

"Kin gani ko?" in ji Mor. "Zuciyarsa ce ke cin sa."

Dagny ta haɗa kaya za ta bi shi, na ji su a waya. "Kada ki bar mahaifiyarki saboda ni," in ji shi. "Abin da ban ɗauka ba ba zai zauna a wuyana har abada ba." Ta kife kan gado tana kuka, ni kuma ina bayan ƙofa ina tunanin sabuwar jaket ɗin da na gan shi da ita a tashar bas. Da me ya saya? Ee, ni ma na zarge shi. Na zargi Dagny ko ɓoyewa ta yi. Na zargi Farmor ko mantuwa ce. Gidan ya koma kowa na kallon aljihun kowa.

Ranar Asabar, ana gobe biki, sharar falo ta faɗo kaina. Na kunna Alade, sai wani fito yake, fiii, amma ko ɓurɓushin biskit ya kasa ɗauka. Tun ranar can yake haka, na faɗa, wa ke jin maganata a gidan nan? Na kai masa shuri.

"Ki lallaɓa shi, ya girme ki!" Mor ta ƙwala daga kicin.

"Ya toshe ne, Mor!"

"Ke ce kika toshe. Yi aiki!"

Raina ya ɓaci. Sai na tuna yadda Far yake hura katifar baƙi da shi: ya zare tiyo daga gaba ya soka a ramin baya inda iska ke fita. Na ce bari in huro duk abin da ya maƙale. Ban tsaya tunanin fita waje ba. Farmor na kujerarta, Dagny na kan tsani tana rataya 'yan tutocin biki. Na murɗa tiyo a baya, na taka maɓalli.

Ya yi shiru kamar yana kumbura. Sai — fuuuf!

Ƙura ta turnuƙe falo. Wani dunƙulen gashi da zaren saƙar Farmor ya tashi ya daki taga, wani abu ya faɗi ƙasa, ƙiling, ya gangara har gaban silifas ɗin Mor da ta shigo a guje.

Zoben. Ashe bai taɓa isa jaka ba. A lanƙwasar tiyo ya maƙale, gashi ya yi ta taruwa a kansa.

"Wayyo zobe!" Dagny ta diro daga tsani.

Mor ta ɗauka, fuskarta ta yi fari fat da ƙura, amma bakin bai mutu ba. "To ai shi ya zuƙe shi! Sakaci ma laifi ne."

"Birthe." Farmor ta goge tabarau a hankali. "Yaron nan bai zo kusa da kujerata ba, don kada ya tashe ni. Ke ce kika sake bi bayan ya tafi, kina cewa sharar masunta ba shara ba ce. Kika cire buroshi, kika bi hannun kujera da bakin tiyo. Idona a rufe yake, kunnena a buɗe. Da aka zazzage jaka ba a gani ba, sai na yi shiru, na ɗauka tsufa ne ya ruɗa ni."

Mor ta sunkuyar da kai. Ta zauna a farar kujera da ta koma toka, hawaye na wanke mata hanya biyu a kumatu. Da hannunta ta ɗauki waya ta kira Villads.

Ya zo, ya cire takalmi kamar kullum, ya tako ƙura da safa.

"Villads, na zalunce ka," in ji Mor. "Ka yafe mini."

"Ya wuce, Birthe. Kifin ya yi daɗi?"

"Ya yi," ta ce, tana dariya tana kuka. Ashe ci take yi!

Farmor ta miƙa masa zoben. "Sa wa Dagny. Yatsuna sun kumbura, ba ya shiga." Dagny ta rushe da sabon kuka, na daɗi dai wannan karon. Farmor ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku riƙe wannan. Wanda kika riga kika ƙi, komai ya ɓata a aljihunsa za ki gan shi. Mai gaskiya kuma in ya iya haƙuri, har gida za a kira shi a ba shi haƙuri."

Na gyara tsayuwa, ina jiran nawa yabon. Ai ni na fito da zoben!

Mor ta share ido, ta kalli labule, ta kalli kafet, ta kalli tutoci. Sai ta ɗauki tiyon Alade ta miƙo mini.

"Tilde, gobe baƙi arba'in. Wanda ya watsa shi zai kwashe."

"Ni? Ni da na —"

"Ki yi haƙuri mana, ƙanwata," in ji Villads, yana danne dariya. "Ba ki ji abin da Farmor ta ce ba?"

"Kai ka yi, ai ka iya!" Na jefar da tiyon, na tsallake Alade, na fizgi jaket ɗina, na buga ƙofa har sai da tutocin suka zubo.