Ƙofa Ɗaya, Tukunya Bakwai

Warin ne ya fara dukana tun kafin a gama buɗe ƙofar sito na ciki.

Na toshe hanci da gefen mayafi, na haska fitilar waya. Buhunan masara ne jere har rufi. Na ƙasa sun kumbura sun yi baƙi, fumfuna ta fito musu fara fat kamar furfura. Wani buhun wake ya fashe, ƙwari na tafasa a cikinsa. Kashin ɓera ko'ina.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ruwan farko," in ji Isyaku. Yana tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu. "Rufin yana yoyo. Sau huɗu ina faɗa."

"Wa ka faɗa wa?"

"Yayanki Nazeer. Ya ce kada a taɓa, na ranar ƙaddamarwa ne. Sai babban baƙo ya sa rana, a jera su a ɗauki hoto."

Na fita da gudu na yi amai a kwatar bakin sito.

Wata biyar ke nan da dawowata daga Malesiya, inda na shekara shida ina karatun ƙididdiga. Baffana Alhaji Mamman, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ne shugaban kwamitin rumbun taimako na unguwarmu a Mandawari. Masu hali su kawo hatsi, a raba wa marasa hali duk Asabar. Ya ce in zo in gyara musu aikin da kwamfuta. Na gyara. Na bi lungu-lungu har Shahuci, na ba kowace ƙofa lamba, na rubuta sunan mai gidan da sana'arsa. Duk ƙofar da mai ita ke da hali, na cire ta. Layin Asabar ya ragu da rabi, aka daina turmutsutsu. Har tafi aka yi mini.

A nan na san Isyaku, malamin Islamiyya mai riƙe da makullin sito. Bai iya zance ba. A wata na uku ya ce yana sona, kamar mai karanta sanarwa. Na ce na ji. Tun daga ranar ban sake kallon wani ba.

Ya miƙo mini buta. Na kurkure baki.

"Ba don wannan na zo ba," na ce. "Duk mako mudu goma sha takwas na ɓata a sito na waje. Mako goma sha ɗaya a jere. Na ɗauka ko nan ciki ake zuba su."

"Ba nan ake zuba su ba."

"To ina?"

"Ni nake ɗauka."

Na dube shi. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ina kake kai su?"

"Amana ce, Lubata..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan a cikin wannan ɗoyin. Ina kake kai su?"

"Ba zan faɗa ba."

Na ajiye masa butarsa na tafi.

Ko da na isa gida, takardar da na yi lissafin ɓatan a kai ta riga ni zuwa falon Baffa. A kan teburina na bar ta. Yaya Nazeer, ɗan Baffa na fari kuma sakataren kwamiti, shi ya ɗauko. Tun ina Malesiya yake gaya wa abokansa cewa ajiyarsa ce ni. Ban taɓa amsa masa ba, shi ma bai taɓa tambayata ba.

"Zauna, Luba," in ji Baffa. "Aikinki ya yi kyau. Kin kama mana ɓarawo."

"Baffa, ban ce..."

"Ba sai kin ce ba, ga shi a rubuce. Isyakun nan mai makulli ne wanda kika ce zai turo? Dama na gaya miki. Ubansa dako ya zo yi Kano. Mu ba ma ba da 'ya inda ba mu san asali ba."

"Shafi biyu ne takardar. Ina na biyun?"

Yaya Nazeer ya gyara zaman agogonsa.

"Na biyun ya nuna buhu arba'in a sito na ciki da ba a taɓa fitarwa ba," na ce. "Yanzu na fito daga can. Fiye da rabi sun ruɓe."

"Haba ƙanwata," ya ce yana murmushi. "Wannan ƙaddara ce. Wancan kuwa sata."

Turarensa ya cika falon. Na fi jure warin masarar.

Baffa ya ce ranar Asabar kwamiti zai zauna, a karɓe makulli a gaban jama'a, a miƙa Isyaku ga hukuma. Ranar Laraba aka yi wannan maganar.

Washegari da safe na buɗe kwamfuta, na daina kallon jimla na koma kallon ranaku. Kafin sabon tsarina, ko mudu ɗaya bai taɓa ɓata a hannun Isyaku ba, shekara uku. Ɓatan ya fara ne a makon da jerin sunayena ya fara aiki. Kuma bai taɓa zama sha bakwai ko ashirin ba. Kowane gida mudu uku ake ba shi. Sha takwas rabon gida shida ne.

Ɓarawo ba ya auna wa kansa daidai da rabon mabuƙata.

Bayan la'asar na hau a-daidaita-sahu zuwa Shahuci, gidan da Isyaku ke haya da mahaifiyarsa. Na iske mahaifiyar, Inna Gambo, a tsakar gida ta jera kwanuka shida. Kwanukan abincin dare ne, amma ɗanyen gero take zubawa a ciki, ta rufe kowanne da faifai.

Ta ɗago ta gan ni. Ba ta ɓoye komai ba.

"Ke ce mai kwamfutar."

"Ni ce, Inna. Ina wuni?"

"Lafiya. Ɗauki uku ki biyo ni. Yau kin hutar da ni sawu biyu."

Muka ratsa lungu. Duk wanda ya gan mu zai ce ciyayya muka fito kaiwa, yadda maƙwabta ke aika wa juna tuwo da yamma.

"Shekara ashirin muna ciyayya da matar nan," in ji Inna tana tafe. "Nawa ya je, nata ya zo. Ran nan nawa ya je, nata bai zo ba. Kwana uku. Mace irinta ba ta fasa ciyayya sai in tukunya ba ta hau wuta ba. Da can ni nake karɓo musu ranar Asabar, ita da sauran matan gidan, ba wanda ya sani. Da kika zo kika ce gidan masu hali ne."

Ta tsaya a gaban wani tsohon zaure. A jikin ƙyauren an rubuta 214 da jan fenti. Rubutuna ne.

Gidan kakana Malam ne. Gidan da aka haifi mahaifina da Baffa.

Na tuna ranar. Na tambayi sunan mai gida don cika ƙa'ida, na rubuta "Alhaji Mamman, ɗan kasuwa," na cire ƙofar da hannuna, har ina jin daɗin cewa ban yi son kai ba.

Ƙofa ɗaya ce. A ciki sassa bakwai ne, kowanne da murhunsa: matan 'yan uwa da suka rasu, tsofaffi, marayu. Murhu ɗaya ne kawai na ga sabuwar toka a cikinsa.

Gwaggo Hajo, yayar Baffa da mahaifina, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsefe wa jikarta kai. Ta rame har zoben hannunta ta naɗe shi da zare don kada ya faɗi. Ta dubi kwanukan da ke hannuna, ta dube ni.

"Lubabatu. Yau kin shigo ciki."

Na durƙusa. "Gwaggo, ina wuni?"

"Wancan karon a zaure kika tsaya, kina fenti."

Na ji ƙyamar takalmina, da wayata, da shekara shidan da na yi ina koyon ƙirga mutane.

"Me ya sa ba ki gaya wa Baffa ba?"

"Ƙanina ne. Shi zai tambaya, ba ni zan faɗa ba. Yana ƙoƙari ai, duk sallah sai ya aiko da atamfa."

"Gwaggo, jibi za a kama Isyaku a kan wannan geron."

Hannunta ya tsaya a kan yarinyar.

"Yaron kirki ne," ta ce a hankali. "Amma ki ji ni da kyau. In sunana ya fito a gaban kwamiti, ban yafe miki ba. Ni 'yar Malam ce. Gara a fitar da ni a makara da a kira ni a layi."

Ranar Juma'a da hantsi na sami Baffa shi kaɗai yana shan shayi. Na rufe ƙofa, na ajiye masa takarda mai layi ɗaya.

"Mene ne 214?"

"Gidan Malam ne, Baffa. Na rubuta shi ƙofa ɗaya da sunanka, na cire shi. Tukunya bakwai ne a ciki. Shida ba sa hawa wuta sai da mudun da Isyaku ke ɗauka."

Ya ajiye kofin.

Na jira ya tambayi lafiyar yayarsa. Na jira ya tambayi yaran.

"Wa da wa suka sani?" ya ce.



"Ni, da Isyaku, da innarsa."

"Nazeer fa?"

"Yaya Nazeer bai san ko hanyar gidan ba."

Ya ɗauki carbinsa yana ja. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarsa: shugaban rumbun taimako, yayarsa na kwana da yunwa, ɗan ɗan dako ne ke ciyar da ita a ɓoye. In aka matsa wa Isyaku a gaban hukuma, wata rana zai yi magana.

"Babu zaman kwamiti gobe," ya ce. "Kuskuren lissafi ne, ke za ki faɗa."

"Kuskurena ne dama. Zan faɗa. Amma gobe za a buɗe sito na ciki, a ware abin da ya tsira a raba, ba baƙo ba hoto. Kuma zan sake ƙirga daga farko. Tukunya-tukunya, ba ƙofa-ƙofa ba. Mata ne za su shiga su tambayi mata. Wadda ba za ta iya layi ba, a kai mata a kwano."

"Yi yadda kika so." Ya kawar da kai. "Shi kuma yaron... ki ce ya turo magabatansa."

A bakin ƙofa na yi karo da Yaya Nazeer. Ya ji ƙarshen maganar.

"Baba! Ɓarawon?"

"Rufe mini baki," in ji Baffa. "Gobe kai za ka kwashe ruɓaɓɓen da hannunka."

Bayan an sauko daga masallaci na sami Isyaku a zauren gidansu. Bai tashi ba. Na gaya masa komai a tsaye.

"Kada ka ɗauka mutuncinka ya gani," na ce. "Bakinka yake so ya rufe. Suruki ba ya tona asirin gida."

"Bakina dama a rufe yake. Ya yi asarar 'ya a banza."

Na kusa dariya, na danne.

"Kin ɗauke ni ɓarawo," ya ce.

"Na ɗauke ka. Kwana ɗaya."

"Alƙalumanki ne suka ce."

"Ba su yi ƙarya ba. Ni ce ban shiga ciki ba."

Ya gyara zama a kan tabarma.

"Da na gaya miki, da na tona asirin Gwaggo. Da na yi shiru, na kusa rasa ki. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, Lubata."

"Kada ka ƙara mini tukunya ta takwas."

Sai a lokacin ya yi murmushi, ya matsa ya ba ni gefen tabarma.

"To, ranki ya daɗe. In turo?"

"Ka san dalilin da ya sa aka ba ka."

"Na sani. Ba shi zan aura ba."

"Turo."

Sabon ƙirgan ya ɗauke mu mako bakwai, ni da Inna Gambo da mata goma sha biyu. A bayan ƙofofin da na cire, mun sami tukunya ɗari da talatin da huɗu.

An ɗaura auren a ƙarshen damina. Baffa ne waliyyi. An ce ya yi wa jama'a dogon bayani a kan yadda ya daɗe yana nema wa 'yarsa mai amana, har Allah ya nuna masa Isyaku, wasu dattawa har da share hawaye.

Na gode wa Allah da mata ba sa zuwa wajen ɗaurin aure.